Ranar da Kwamfutar Madam Ulonma Ta Koma Rarrafe

Ranar wata Litinin ce cikin Agustan 2006, Jos ta tashi da yayyafi mai sanyi, ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Tun Asabar da aka yi ruwan ƙanƙara rana ba ta sake leƙowa ba. Jika yana zaune a shagonsa na gyaran kwamfuta a Ali Kazaure, ƙafarsa ɗaya tana rawa kamar kullum, sai ga Safara'u ta faɗo ba sallama, mayafinta sharkaf.

"Yaya Jika, sun kama Uzairu!"

Uzairu wanta ne, abokin Jika tun na ƙuruciya. Shi ne mai kula da kwamfutar babban kemis ɗin sari na Madam Ulonma, can kan hanyar Katako. Safara'u ta ce Madam ta kai ƙara cewa ya lalata mata na'ura da gangan, kuma jibi Laraba za a kai shi kotu. Daga kotu sai gidan yari, kowa ya san wannan.

Jika bai tsaya neman lema ba. Kakansa maharbi ne, shi ake kira in an kore shanu a rugagen bayan gari, kuma a bayansa Jika ya tashi yana koyon karatun ƙasa. Da tsohon ya rasu, gari kuma ya cika da kwalta da siminti, sai Jika ya koma kwamfuta. Sunan dai bai sake shi ba: Mai Bin Sawu.

A ƙofar kemis ɗin mutane sun cika rumfa. Masu ƙananan kemis da suka zo sari tun safe suna tsaye hannu rungume, 'yan acaɓa sun fake suna ba da nasu ra'ayin.

"Haka yaran kwamfutar nan suke. Su sa mata ciwo don a sake kiransu."

"An ce cuta ya dasa mata mai agogo, sai Litinin ta tashi."

"Ita ma Madam, duk 'yan'uwanta ta rasa wanda za ta ba sai shi?"

Jika ya waiga ya dubi mai wannan maganar. A Jos ta wancan lokaci, zance irin wannan ba a so ya kwana, don ba a san girman da zai tashi da shi ba. Ya kutsa ciki.

Madam Ulonma tana tsaye bayan kanta, doguwa, tabarau a goshi. Shekara ashirin tana Jos, Hausarta ta kasuwa ce.

"Jika, kar ka zo ka roƙe ni. Yaron nan ya kashe mini kasuwa. Juma'a ya gyara, Asabar da safe yana gudu kamar jirgi. Yau zo ka gani. Theo, nuna masa!"

Theodora, budurwar da ke shigar da ciniki, ta buga sunan wani maganin zazzaɓi ta danna. Allon ya tsaya cak. Daga ƙarƙashin tebur aka jiyo na'urar tana gurnani. Mai shayin waje ya haɗa wa mutum biyu shayi, suka sha rabi, sannan sunan ya fito.

Jika ya durƙusa. Na'urar tana cikin akwatin katako mai 'yan ramukan iska, an jingina bayansa da bango, gaba kuma ƙaton kwaɗo.

"Wa ke da makulli?"

Madam ta jawo sarƙar wuyanta. "Ni. Ko wanka da shi nake yi."

A ofishin 'yan sanda aka fito masa da Uzairu bakin kanta, ba riga, leɓensa ya kumbura. Wani ɗan ɗakin ne ya yi masa maraba da gwiwar hannu.

"Faɗa mini abin da ka taɓa, kada ka tsallake komai," in ji Jika.

"Teburin ciniki ne ya kumbura a rumbun bayanan. Layukansa sun kai dubbai ɗari-ɗari, ba wanda ya taɓa duba saitinsa tun da aka girka shi. Ka san yadda abin yake, ram kamar kanta ce, had-dis kuma sito. Kantar ƙarama ce, komai aka tambaya sai an ruga sito. Na ƙara sandar ram guda ta mega ɗari biyar da sha biyu a kan ɗari biyu da hamsin da shida da ke ciki. Na shiga saiti na ce rumbun ya ɗauki ɗari biyar ya shimfiɗa kayansa. Na yi wa teburin fihirisa a kan kwanan wata da sunan magani. Shi ke nan, wallahi. Madam ta kulle akwatin a gabana."

"Su wa ke wurin?"

"Kowa. Chima ƙanen mijinta, Baba Haladu mai sito, Theo. Har ɗaga sandar na yi na nuna musu, na ce wannan 'yar abar ita ce ƙarfin aikin duka."

"Bakinka ba ya gajiya, Uzairu."

"To ai daɗi na ji! Akwai rahoton da ke gwama kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Sama da shekara ba ya ƙarewa, sai ya maƙale a hanya, har Madam ta haƙura da shi. Na ce mata yanzu kafin ta sha ruwa ya fito. Ta ce Litinin za ta buga shi tun daga farkon shekara."

Ƙafar Jika ta daina rawa.

"A gabansu ta faɗa?"

"A gabansu."

Da ya koma kemis sai ya karɓi kujerar Theodora. Saitin yana nan yadda Uzairu ya bar shi, ɗari biyar. Fihirisar tana nan. Ba cuta, ba alamar wani ya taɓa ko harafi. Amma da ya tambayi na'urar ƙarfinta, sai ta ce ɗari biyu da hamsin da shida. An ce wa rumbu ya shimfiɗa kaya a kan babbar kanta, an kuma zo an sare kantar. Shi ya sa take kai-komo tsakanin kanta da sito har numfashinta ke fita.

"Madam, buɗe mana."

Ta buɗe kwaɗon. Jika ya haska da tocilan wayarsa. Ramin sanda ɗaya fayau, ba komai.

"Shi ke nan!" in ji Chima, ƙanen mijin Madam, wanda ya zo koyon kasuwa shekara uku ke nan bai gama ba. "Ya sayar mana, ya dawo ya sace kayansa. Ɓarawo!"

"Ta ina ya shigo? An fasa muku ƙofa?"

Ba a fasa ba. Makullin ƙofar shago uku ne: na Madam, na Chima, na Baba Haladu mai sito. Kuma da azahar ɗin Asabar Madam ta tafi taron matan coci, ta bar shagon a hannun Chima.

Jika ya ja shi gefe, bayan katan-katan na ruwan ƙarin jini.

"Oga Chima, ina kake da aka fara ƙanƙara?"

"Ina nan mana. A kan kanta."

"Wace taga ce ta fashe?"

Chima ya kalli silin. Ba tagar da ta fashe, amma bai sani ba. Gumi ya tsatso masa a wannan sanyin. Jika ya bar shi, ya tsallaka titi, ya bi ta lungu zuwa gidan kallon ƙwallo. Mai gidan ya yi dariya tun kafin a gama tambaya.

"Chima? Tun ƙarfe biyu yana nan kan bencin gaba har aka tashi. Da janareta ya mutu har zagina ya yi. Shi ya sa yake ɓoyewa, kada matar wansa ta ji ya bar shago."

Sawu ɗaya ya mutu. Jika ya dawo a jiƙe, ya zarce sito.

Baba Haladu yana zaune kan katan yana jan carbi, tsoho mai farin gemu, shekara goma sha ɗaya a wannan sito. A bango kusa da ƙofa an rataye guduma, gefenta 'yar leda cike da sababbin ƙusoshi masu ƙyalli, na rufe akwatunan da ake aikawa ƙauye.

"Baba, gudumarka ce?"

"Ta shago ce, ɗana. Ka zo ka ce ni ne? Ni da ko kunna abin nan ban iya ba?"

"Ban ce ba. Asabar fa?"

"Asabar na ga tashin hankali. Wuta ta ɗauke, ƙanƙara ta huda kwano nan saitin maganin yara. Ni kaɗai nake jan kaya. Na kira Chima, na kira Theo, wa zai ji ka? Kwanon nan kamar ana ta harbi. Na nemi gudumar ma in ɗan manne wurin, ban gan ta ba. Da ruwa ya tsagaita sai ga ta a rataye. Na ce tsufa ya fara taɓa mini ido."

"Wutar ta dawo?"

"Har muka rufe ba ta dawo ba."

Ke nan ba wanda ya sake kunna na'urar sai yau da safe.

Theodora ta kawo masa ruwan zafi a kofi ba tare da ya roƙa ba. Siririya ce mai sanyin murya, farcenta da jan fenti. Ta ce da wuta ta ɗauke sai ta zauna a kujerarta tana bitar waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan coci. Ba ta da makullin komai.

"Wannan kam 'yata ne," Madam ta sa baki. "Disamba zai yi aure, ni ne uwar biki. Kar ka dame shi da tambaya."

Jika ya sha ruwan. Kakansa ya sha gaya masa cewa in ƙofar garke lafiya lau take, to a zaga baya. Ya ajiye kofin, ya kama akwatin ya janye shi daga bango.

Bayan akwatin falle ne na siririn filawud. A gefe-gefensa ga tsofaffin ramukan ƙusa masu tsatsa, kusa da kowanne kuma sabuwar ƙusa tana ƙyalli, irin ta ledar Baba Haladu. An cire fallen, an zare sandar ta baya, an mayar. Katakon nan kaurinsa bai kai biskit ba, amma ko tsaga ɗaya babu. Jika ya sa filaya ya zaro ƙusa guda, ya juya ta a tafin hannu. Bakinta a dakushe yake. Ya zaro ta biyu, haka. Ya koma sito ya zazzage ledar, kowace da tsininta kamar allura.

 Ya sa ƙusar a aljihu.

Talata da safe yayyafin yana nan. Kasuwar Katako ta cika da ƙarar injin tsaga da ƙamshin ɗanyen katako. Jika ya yi ta tambaya har aka nuna masa rumfar Malam Sharafaddeen, kafintan da ya yi wa Madam akwatin. Ya tarar da shi zaune, ƙafa ɗaya a ɗaure da karan ɗori, wata guda ke nan da gungume ya faɗo masa. Wani sawun ya mutu tun kafin a gaisa.

Tsohon ya karɓi ƙusar ya kai ta kusa da ido.

"Kai yaro, da ƙusa ɗaya ka zo tuhumar tsoho? Wannan ba tawa ba ce, ni baƙa nake sawa. Amma hannun gidanmu ne."

"Kamar yaya, Baba?"

"Ƙusa mai tsini raba katako take yi, in siriri ne sai ya tsage. In ka kifa ta ka ɗan bugi bakin, sai ta huda ta wuce salin-alin. Ubangidanmu da ranƙwashi ya koya mana. Yaran yanzu wa ke da wannan haƙurin? Su buga, ya tsage, su cusa garin katako da gam su ba ka."

"Wa kuma ya iya?"

"Mu biyu muka rage. Ni da Dalyop mai akwatin gawa na Anguwan Rukuba, shi kuma ya rasu shekarun baya. Mutumin kirki. Bai taɓa ɗaukar yaran shago ba, shi da iyalinsa suke aikinsu."

Jika ya sayi sabon fallen filawud mafi siranta a rumfar. Ya biya ta shagonsa ya cire sandar ram daga tasa kwamfutar. A hanya Safara'u ta tare shi, ta ce Uzairu bai ci abincin da ta kai ba. Ya ce ta je ta gaya masa ya ci.

Bayan la'asar Madam ta ja ƙofar shago rabi, masu jira suna leƙe ta ƙasa. Ciki su biyar ne: ita, Chima, Baba Haladu, Theodora da Jika. Ya soka sandarsa a ramin, ya kunna. Theodora ta buga sunan maganin nan na jiya. Kafin ta ɗage yatsa ya fito.

"Chineke!" in ji Madam.

"Gyaran Uzairu ke nan, ba abin da na ƙara," in ji Jika. "Wanda ya ɗauke sandar dai ban same shi ba. Bari mu rufe bayan nan kada ɓera ya shiga. Oga Chima, taimaka, hannuna ya yi sanyi."

Chima ya karɓi guduma da ƙarfinsa. Bugu ɗaya, kusurwar ta tsage.

"Ka gani? Ko ƙusa!" Madam ta daka masa tsawa. "Miƙa wa Baba."

Baba Haladu ya yi bismilla ya buga a hankali. Ƙusar ta shiga, katakon ya tsage ta gefe. Jika ya karɓa ya gwada tasa, tsagar ta fi ta kowa tsawo. Sai wayarsa ta yi ƙara, ƙararrawar da ya saita tun a hanya. Ya miƙa wa Theodora gudumar kamar wanda ya rasa inda zai ajiye, ya juya baya yana "Halo? Halo?"

"Maza uku!" in ji Madam. "Theo, abeg buga mu huta, mutane na jira."

Theodora ta durƙusa. Ta ɗauki ƙusa, ta kifa kanta a kan siminti, ta ɗan taɓa bakin da guduma, ta juya ta, bugu biyu ta shige. Katakon ko motsi. Ta kai hannu za ta ɗauki ta biyu. Ita a saninta haka kowa yake buga ƙusa.

Jika ya sauke wayar.

"Theodora, ya sunan mahaifinki?"

Ta ɗago. "Dalyop. Me ya faru?"

Ya zaro ƙusar da ta buga, ya fito da ta aljihunsa, ya jera su a kan kanta gaban Madam. Ya ɗauko guda daga leda ya ajiye a gefe.

"Madam, duba bakinsu. Wannan ta jiya ce, daga bayan akwatinki. Wannan ta yanzu. Mu uku mun buga a gabanki, kin ga abin da muka yi wa katakon. Asabar wuta ta ɗauke, Chima yana gidan ƙwallo, Baba yana sito yana kokawa da yoyo, ƙanƙara tana dukan kwano yadda ko bindiga aka harba ba mai ji. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan."

"Ƙarya ne," in ji Madam, amma ba Jika take kallo ba. "Theo, gaya masa ƙarya ne. Me za ka yi da wannan abu?"

"Ba sandar take so ba," in ji Jika. "Jinkirin take so ya dawo. Buga rahotonki."

Madam ta zauna da kanta ta buga. Rahoton da ya shekara yana maƙalewa ya zubo kafin ta gyara tabarau. Ta bi shi da yatsa. Kayan da suka shigo sito daban, waɗanda aka sayar daban, abin da ke kan shiryayye kuma bai cike tsakaninsu ba.

Gudumar ta zame daga hannun Theodora.

"Mama, zan mayar," ta ce. "Shagon da wanda zan aura ya buɗe ne bai kama ba, ya ce aro ne kafin biki. Kaɗan-kaɗan nake sa masa maganin cikin kayan ƙauye. Da Uzairu ya ce Litinin, sai kaina ya juye. Na ɗauka za ki ce gyaran bai yi ba, ki haƙura kamar da. Ban san za ki kira 'yan sanda ba."

"Da na kira fa? Kina tsaye a nan aka sa masa ankwa. Ke kika riƙe mini jaka!"



"Ina sandar?" in ji Jika.

"Kwalbati. Ruwan ya tafi da ita."

Madam ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin zani. Daga nan ta miƙe, ta ce wa Chima ya ɗaga ƙofar duka. Ta tsaya gaban masu jira, har da mai maganar jiya, ta ce da ƙarfi yaron nan Uzairu bai yi mata komai ba sai alheri, kowa ya ji ya kai gaba. Ta tsayar da ɗan acaɓa cikin yayyafin, ba lema, ta ce ofishin 'yan sanda.

Kafin magariba Uzairu ya fito, Safara'u tana riƙe da rigarsa. Madam ta ce ya dawo bakin aikinsa. Ya ce ya gode, ya rubuta mata saitin a takarda don wanda zai gaje shi, bai kuma sake taka shagon ba.

Abin da aka rasa shi ne: sandar ram ɗaya, katan arba'in da ɗaya na magani, fallen filawud ɗaya, cinikin yini biyu, haƙori ɗaya na gaban bakin Uzairu, mai gyara ɗaya, da bikin Disamba wanda Madam Ulonma ta riga ta ɗinka wa anko.